Yadda Za Ka Mayar da Tazara Tsakanin "Ina So" da "Na Saya"

Na yi aikin banki shekaru masu yawa. Da farko ina kan kanta ina karɓar ajiya, daga baya aka mayar da ni sashen bayar da rance. Saboda haka na ga kuɗin mutane suna shigowa, na kuma gan su suna fita tun kafin masu su su same su. Sau da yawa nakan ji ana cewa mutanen da sun fi mu tattali don sun fi mu tarbiyya da haƙuri. Ban yarda da wannan ɗari bisa ɗari ba. Zuciyar ɗan Adam tana nan yadda take, kwaɗayin sabon abu kuwa tun fil azal ne. Abin da ya canza shi ne tazarar da ke tsakanin sha'awar abu da mallakarsa. A da kwanaki ne, wani lokacin watanni. Yau taɓa waya ne da ɗan yatsa. Kuma tazarar ba ita ta ɓace da kanta ba, mutane ne suka zauna suka yi ta rage ta da gangan har kusan shekara ɗari. Wanda yake son ganin albarkar abin da yake samu sai ya mayar da ita da hannunsa, kuma ga yadda ake yi.

Ka fara da yi wa ƙaramin kuɗi mazauni

A 1810 wani limamin coci mai suna Henry Duncan ya buɗe asusun ajiya a ƙauyen Ruthwell da ke Sikotlan. A lokacin manyan bankuna ba sa buɗe wa mutum asusu sai ya zo da fam 10, abin da leburan gona zai daɗe yana aiki bai tara ba. Duncan ya ce ko sisi ne a kawo. A 1861 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki dabarar ta shigar da ita gidan waya, ta yadda duk garin da ke da gidan waya ya zama yana da wurin ajiya, kuma da sule ɗaya ake farawa. Da aka lura akwai waɗanda ko sulen ya fi ƙarfinsu, sai a 1880 shugaban gidan wayar, Henry Fawcett, wanda makaho ne, ya fito da wata takarda mai gurbi 12. Kullum ka samu kwabo sai ka sayi kan sarki ka manna. Ranar da guraben suka cika, ka tara sule ke nan, sai ka miƙa a rubuta maka. Japan ta fara nata asusun gidan waya a 1875. A 1924 wakilan bankunan ajiya suka taru a Milan suka ware 31 ga Oktoba a matsayin ranar tanadi ta duniya, a Amurka kuma an yi ta bikin makon tattali duk Janairu daga 1916 har zuwa 1966.

Ka ga ke nan tattalin mutanen da ba wa'azi kaɗai ya haife shi ba. An yi masa gida, an yi masa takarda, an yi masa rana.

Na riski ƙarshen zamanin littafin ajiya. Ɗan ƙaramin littafi ne mai bango mai tauri, mai shi yakan naɗe shi a leda don gudun ruwa. In ya miƙo, sai in buɗe shafin, in rubuta kwanan wata, abin da ya kawo, da jimillar da ta taru, in buga hatimi in sa hannu. Kusan kowa, kafin ya mayar da littafin aljihu, sai ya tsaya ya dubi layin ƙarshe, wani har yana bin sa da yatsa. Cire kuɗi kuwa sai ka taso daga gida, ka bi layi, ka cike takarda, ka jira a duba sa hannunka. Na sha ganin mutum ya zo cirewa, kafin layi ya iso kansa ya rage abin da ya rubuta.

To ga abin da za ka yi. Ka buɗe asusu na biyu, in da hali a wani bankin daban da wanda albashinka ko cinikinka ke shiga. Kada ka karɓi katinsa, kada ka sa manhajarsa a wayarka. Ka ba da umarnin a riƙa tura wani kaso can a ranar da kuɗi suka shigo, ba ƙarshen wata ba, domin ƙarshen wata ba ya barin saura. Girman kason bai kai ɗorewarsa muhimmanci ba. In kashi 2 cikin 100 za ka iya ba tare da ka dawo ka cire ba, ya fi kashi 20 da za ka kwashe bayan mako biyu. Sannan duk lokacin da aka yi maka ƙarin albashi ko ciniki ya buɗe, ka ƙara kason tun kafin hannunka ya saba da sabon kuɗin. Masana tattalin arziki biyu, Richard Thaler da Shlomo Benartzi, sun gwada wannan da ma'aikatan wani kamfani a Amurka: ma'aikaci ya amince tun yau cewa za a ƙara abin da ake ajiye masa daga ƙarin albashi na gaba. Cikin wata 40 matsakaicin abin da suke ajiyewa ya tashi daga kashi 3.5 zuwa 13.6 cikin 100.

Ka rubuta da hannu

A 1904 wata 'yar jarida a Japan, Hani Motoko, ta fitar da littafin lissafin gida domin matan aure, kuma har gobe ana buga irinsa. Tsarin ba shi da wuya. Farkon wata ka rubuta abin da kake sa ran zai shigo, ka cire na dole, ka cire na ajiya, abin da ya rage shi ne na kashewa. Kowane dare ka rubuta abin da ya fita. Na san akwai manhajojin da ke yin wannan da kansu, kuma sun fi mutum iya lissafi. Amma ni alƙalami nake ba da shawara, aƙalla na wata uku na farko, domin abin da ake nema shi ne idonka ya sake ganin kuɗin sau ɗaya bayan sun tafi. Yawancin waɗanda suka nuna mini littafinsu ba babban sayayya ne ya ba su mamaki ba. Ƙananan abubuwan da ake maimaitawa ne, waɗanda ko tunawa da su ba a yi.

In aka ce maka "biya kaɗan-kaɗan", ka nemi jimilla

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne na fi ganin mutane suna shiga uku.

Sayar da kaya a biya a hankali tsohon abu ne, amma kamfanin keken ɗinki na Singer ne ya mayar da shi tsari tun 1856. Hujjarsu tana da ƙarfi: keken zai yi ɗinki ya biya kansa. Juyin gaske ya zo ne da mota. A 1919 kamfanin General Motors ya kafa reshe na musamman, GMAC, don ba mutane mota su biya daga baya. Henry Ford ba ya son bashi, sai a 1923 ya fito da nasa tsarin: ka riƙa kai dala 5 ko fiye duk mako, in kuɗin sun cika ka ɗauki motarka. Wato shi yana cewa ka tara ka hau, su kuma suna cewa ka hau ka biya. Mutane suka bi na biyun. A 1928 kamfanin Ford da kansa ya buɗe sashen bayar da rance, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 mafi yawan sababbin motoci a Amurka da bashi ake sayensu. Daga mota abin ya bazu zuwa rediyo, firji da kujeru. Bashin da a da ake ɓoyewa don kunya ya zama alamar cewa mutum abin yarda ne.

A teburina, tambayar da kusan kowa ke yi ita ce, "Nawa zan riƙa biya duk wata?" Da wuya ka ji wanda ya ce, "Nawa ne duka in na gama?" Mai sayarwa ya san haka, shi ya sa lambar da yake rubutawa da manyan baƙaƙe ita ce ta wata-wata. Kai sai ka ɗauki waya ka ninka kuɗin watan da yawan watannin, ka haɗa da kuɗin farko da kuɗin takardu da inshorar da aka cusa a ciki, ka ajiye jimillar kusa da farashin kuɗi hannu. Bambancin da ka gani shi ne abin da kake biya don ka ƙi jira. Ka kuma tambayi tarar jinkiri, ka tambaya ko akwai caji in ka biya da wuri, kuma ka ce a nuna maka a rubuce.

Ba cewa nake duk bashi sharri ne ba, ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni dai na raba shi biyu. Akwai na abin da zai kawo kuɗi ko ya kare lafiya da mutunci, kamar kayan sana'a, karatu, magani. Akwai kuma na abin da darajarsa ke fara zubewa tun ranar da aka ɓare kwalinsa. Na biyun ka yi masa tsarin Ford da kanka: ka riƙa biyan "kuɗin watan" cikin asusunka na ajiya har su cika. In ka kasa biyan kanka wata uku a jere, to da ka karɓi kayan da yanzu ana yi maka sallama. In kuwa ka cika, za ka saya ba kuɗin ruwa, kuma sau da yawa za ka tarar sha'awar ta riga ta kwanta.

Sabon salon yanzu shi ne wanda kamfanoni irin su Klarna na Suwidin da Afterpay na Ostareliya suka yaɗa: a raba kuɗin kaya gida huɗu cikin mako shida, galibi ba ruwa. Haɗarinsa ba a ɗaya yake ba, a taruwa yake. Mutum ya ɗauki huɗu ko biyar a manhajoji daban-daban, kowanne ƙarami, ranar biyansu kuma ta sha bamban. Dokata a nan ita ce ɗaya tak a lokaci guda.

Wani zai ce, to in kowa ya riƙe hannu ai kasuwa ta mutu. Wannan magana tana da asali. A Janairun 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya hau rediyo a Birtaniya ya roƙi matan gida su fita su yi sayayya, yana mai cewa duk sule 5 da aka ajiye na hana wani aikin yini guda. A halin da ake ciki lokacin, masana'antu a rufe, mutane miliyoyi ba aiki, yana da gaskiya. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka mayar da maganin lokacin ciwo ya zama abin sha kullum, saye ya zama kamar kishin ƙasa. A shekarun 1970 Amurkawa na ajiye fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage musu bayan haraji. A 2005 abin ya faɗo ƙasa da kashi 4. Tada komaɗar tattalin arzikin ƙasa aikin gwamnati da babban banki ne. Ranar da aikinka ya tsaya, ba kamfanin da ka yi ta saya a wurinsa zai biya maka haya ba.

Ka sa biya ya riƙa yi maka zafi kaɗan

A Satumbar 1958 Bank of America ya aika wa mazauna garin Fresno a Kalifoniya katin bashi kusan 60,000 ta gidan waya, ba tare da kowa ya nema ba. Mutum ya buɗe ambulan ya tarar an ba shi damar cin bashi. Asarar farko ta yi yawa, don waɗanda suka kasa biya a kan lokaci sun kai kusan kashi 22 cikin 100 alhali bankin ya yi hasashen 4, amma tsarin ya tsira, shi ne ya zama Visa a 1976. Sai a 1970 dokar Amurka ta hana aika wa mutum kati bai nema ba. A 2001 wasu malamai biyu na jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, suka wallafa sakamakon wani gwaji: sun yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando tsakanin ɗalibai, an gaya wa wasu da kati za su biya, wasu da tsabar kuɗi. Masu kati sun taya kusan ninki biyu. Tikiti ɗaya, mutane iri ɗaya. A 1999 kuma kamfanin sayar da kaya ta intanet, Amazon, ya samu haƙƙin mallakar fasahar saye da dannawa ɗaya. Ka duba ka gani, kamfani ya ɗauki cire 'yan daƙiƙoƙin tunaninka a matsayin dukiyar da ta cancanci kariyar doka.

Saboda haka, ka shiga kowace manhajar sayayya ka goge lambar katinka da aka adana. Duk lokacin da za ka saya, ka tashi ka ɗauko katin ka rubuta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ka kashe sanarwar manhajojin, ka fita daga jerin saƙonnin talla. Ragi ba riba ba ne in da ma ba ka yi niyyar sayen abin ba, kuma agogon da ke ƙirga "saura awa biyu" an sa shi ne don kada ka kwana ka yi tunani. Ɓangaren da ka san nan ne rauninka, ko tufafi ne ko kayan waya ko fita shaƙatawa, ka ware masa tsabar kuɗi a ambulan farkon wata. In ambulan ya ƙare, magana ta ƙare, iya kuɗinka iya shagalinka.

A bayan littafin lissafinka ka buɗe shafi na abubuwan da ranka ya biya. Ka rubuta abin da kwanan wata. Ƙaramin abu ka ba shi kwana biyu, babba wata guda. Ba hana kanka kake yi ba, in lokacin ya cika kana so kuma kuɗin na nan, ka saya da zuciya ɗaya.

Sai kuɗaɗen da ake cira duk wata ba tare da an tambaye ka ba: kallon fina-finai, kiɗa, ma'ajiyar hotuna, manhajar da ka gwada kyauta ka manta. Ka nemi bayanin asusunka na wata uku, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ya maimaitu. Wanda ba ka buɗe ba a watan jiya, ka soke shi yau.

Kafin ka canza, ka tambayi mai gyara

A Disambar 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali a da yana kai 1,500 zuwa 2,000. Har tara suke cin wanda nasa ya daɗe. A shekarun 1920 ɗin dai Alfred Sloan na General Motors ya kawo al'adar canza fasalin mota kowace shekara, don ta bara ta zama tsohon yayi ko da lafiyarta ƙalau. Na farkon yana kashe kayan, na biyun yana kashe son da kake yi musu, kuma na biyun ya fi tasiri a kanmu yau. Wayoyi nawa ne ke kwance a durowa ba abin da ya same su sai batiri?

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta koma tattali da sauri. Daga Yunin 1941 tufafi sai da takardar rabo, maki 66 a shekara ga kowane mutum, kuma a 1943 gwamnati ta buga ɗan littafin koyar da faci da juya tsohuwar riga. Mutanen da aka fara koya wa yarwa suka koma ɗinki cikin 'yan watanni. Yanzu ma abin yana dawowa. A 2009 Martine Postma ta buɗe wurin gyara na sa-kai na farko a Amsterdam, inda mutane ke kawo abin da ya lalace a gyara tare, kuma irinsa sun bazu ƙasashe da yawa. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta wa masu sayar da wayoyi, kwamfutoci da injin wanki su nuna makin sauƙin gyara daga cikin 10.

Kai ma ka yi naka makin kafin ka saya. Ana iya canza batirin? Ana samun kayan gyaransa? Da noti aka ɗaure shi ko manne shi aka yi? Shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta manhajarsa? Ka raba farashin da shekarun da kake sa ran zai yi, a nan ne za ka ga araha ba ta ado. Abin da kake amfani da shi kullum, kamar takalmi, katifa ko kayan aikinka, ka sayi mai kyau. Abin da sau ɗaya a shekara kake buƙata, ka ara ko ka yi haya.

Ka kuma lura da sayayyar da ke janyo 'yan'uwanta. A 1769 masanin Faransa Denis Diderot ya ba da labarin yadda sabuwar jar rigar zaman gida da ya samu ta sa teburinsa da kujerarsa da hotunan bangonsa suka zama abin kunya a idonsa, ya yi ta canza su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka shigo da sabon abu gida, ka dubi abin da zai zauna kusa da shi, ka lissafa har da su.

Tattali daban, rowa daban

Mai tattali ya san abin da yake tara wa. Marowaci tarawar ce kawai, har iyalinsa su tagayyara yana da shi. Don haka ka sa wa ajiyarka suna: kuɗin ko-ta-kwana, kuɗin makaranta, jari. Na ko-ta-kwana shi ne farko, ka nufi abin da zai riƙe gidanka wata uku in samu ya tsaya. A cikin kasafin ka bar gurbin kyauta da taimako, ka bar na jin daɗi, domin kasafin da ba shi da numfashi ba ya kai wata biyu. In kana da aure, ku zauna kan littafin tare. Na ga gidaje da yawa inda ɗaya ke ɗaurewa ɗaya na kwancewa, ba don mugunta ba, sai don ba wanda ya taɓa nuna wa ɗan'uwansa lissafin.

Na kuma san akwai wanda abin da yake samu bai kai masa ƙarshen wata ba ko da bai sayi tsinke na banza ba. Wannan matsalarsa ba almubazzaranci ba ce, kuma bai dace a ɗora masa laifi ba. Abin da zai fi yi masa amfani a duk abin da na faɗa shi ne lissafin jimillar bashi, domin shi ne aka fi ba rance mafi tsada.

Saura maganar hauhawar farashi. In kaya na tashi da kashi 20 a shekara, asusunka kuma na ba ka 5, to kuɗinka na raguwa ko da lambar na ƙaruwa. Kuɗin ko-ta-kwana dai su zauna inda za ka iya ɗauka cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da suna ɗan zagwanyewa, domin aikinsu ke nan. Abin da ya haura haka sai ka nema masa wurin da ya fi riƙe daraja: takardun lamunin gwamnati ko sukuk, wato irinsu na tsarin Musulunci, ga mai gudun kuɗin ruwa, hannun jari ta hannun dillali mai lasisi, ko kayan sana'ar da ka iya. Kafin ka miƙa ko kwabo, ka duba sunan kamfanin a jerin hukumar da ke sa ido kan harkar a ƙasarka, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan watanni ba tare da haɗari ba, ka tashi ka ba shi wuri.